Mai Haɓar Kada

A bencin tasha, wani saurayi rungume da jakarsa ya gaji da leƙen kawunan mutane, ya juya ga dattijon da ke gefensa.

"Baba, don Allah, mece ce haɓar kada?"

"Hula ce mai kunnuwa biyu. In ana sanyi ka sauke su, in ana zafi ka naɗe su sama. Saya za ka yi?"

"A'a, baffana nake jira. Zai ɗauke ni aiki a shagonsa na kafinta, kuma ban taɓa ganinsa ba. Cewa ya yi in nemi mai haɓar kada."

"Mutumin kirki ne?"

"Innata ta ce ko ƙusa ce ta lanƙwashe, sai ya sa yaro ya miƙe ta. Ni dai da na iya riƙe zarto zan gudu."

Dattijon ya kai hannu ka, ya sauke kunnuwan hularsa ɗaya bayan ɗaya, suka rufe masa kunne ruf.

"Ga amfaninta na biyu," in ji dattijon. "Ban ji komai ba. Ɗauko jakarka, ƙusoshi na jiranka."