Matar Wiebe Ta Ƙi Hanya

A layin motocin da ke jiran jirgin ruwan da ke tsallakawa Norway, Wiebe, tsohon direban bas, yana zaune a ƙofar motarsa mai gado da murhu a ciki. Wata dattijuwa daga motar gaba ta zo roƙon sukari.

"Bawan Allah, gado biyu kai kaɗai? Ina uwargidan?"

"Tana gida da kajinta. Shekara arba'in ina kai mutane inda suke so, na ce yanzu sai inda nake so. Ta ce, 'Sauka lafiya, ni ba na kwana a kan taya.'"

"Ka ji haushi ke nan."

"Haushi? Tun daga birnin Hamburg ban kira ta ba! Ta cika mini firji da miya, amma ko kwana ɗaya ta ƙi biyo ni."

Dattijuwar ta yi dariya, sannan ta nisa.

"Ni nawa mijin ya biyo ni, bazara tara. Duk dutsen da na nuna masa sai ya ce madalla. Bayan rasuwarsa 'yarmu ta gaya mini jirgin ruwa amai yake sa shi, gida kawai yake so. Da ya ce mini a'a sau ɗaya, da na san wanda nake aure."

Wiebe ya daɗe yana kallon teku.

"Tawa kam ba ta ɓoyo."

"To ka gode mata."

Ya laluba aljihu ya ciro waya.

"Kada ki tafi, baiwar Allah. Ban saba ba. In na kakare, ki tuna mini."