Fumfunar Tantin Wilber

A tashar motar Urcos, Fermina Quispe na zaune da ƙunshin tantin ɗanta a cinya, sai wani dattijo da ke gefenta ya toshe hanci.

"Baiwar Allah, tantin nan ya yi fumfuna. Da danshinsa aka naɗe shi."

"Hancinka ne dai, Baba. Ɗana Wilber ya san aikinsa. Shekara biyu ke nan yana kai baƙi hawan dutse."

"To ki ce masa ya riƙa shanyawa, ya bushe ƙamas kafin ya cusa a jaka. Yanzu kam sai ruwan khal da buroshi, sannan rana." Ya ɗaga gefen tamfol ɗin ya duba. "Wane dutsen?"

"Ausangate."

"A watan Yuli? Can ai ko yawu kika tofa bushewa yake yi. Wannan jar lakar kuwa ta kurmi ce, wajen masu haƙar zinare."

"Kai a ina ka sani?"

"Shekara tara na yi a ramukan. Haka tantinmu yake wari." Ya saki gefen tamfol ɗin. "Mu shida muka tafi daga garinmu."

Fermina ba ta tambaye shi su nawa suka dawo ba. Ta dai san jibi Wilber zai koma.

"Khal ɗin, kamar cokali nawa zan zuba?"

"Ki bar shi ya ruɓe, baiwar Allah. Wataƙila ya zauna gida."