Katunan Malam Lukuman

Jawabin Baba Labbo na Bilbis a taron tunawa da Malam Lukuman Karakkai, Gusau, 1998

Assalamu alaikum. Wakilin Mai Martaba, hakimai, malamanmu, ma'aikatan laburare abokan aikin marigayi, Hajiya Lantana mai ɗakinsa da 'ya'yanta, Allah ya ba mu haƙuri.

Ni ban taɓa shiga aji ba. Abin da na sani na tarihin ƙasar nan a kaina yake. Amma ni aka ce in tashi, na kuwa tashi, ko da gwiwa ba ta so.

Lukuman ya kasance mai haƙurin da mu ba mu da shi. Shekara tara yana bin mujallun masu aikin laburare yana ƙirga: rubutu nawa aka buga kowace shekara, wa ya rubuta, daga wane gari, maganar wa ya ɗauko. Kowane rubutu da katinsa. Mun sha yi masa dariya. Na ce, "Lukuman, mutane na ƙirga dami, kai kana ƙirga takarda?"

Ya ce, "Baba, in za ka ba da labarin kafuwar gari, da mi kaka farawa?"

Na ce, "Da sunan wanda na ji daga bakinsa, da wanda shi ma ya ji."

Ya ce, "To ai sana'armu guda."

Sai na sauya magana. Ba na son yaro ya kada ni.

Ya kasance mai kishinmu. Abin da ya hana shi sukuni, duk ƙirgar nan bai ci karo da sunan mutumin Bungudu ko Tsafe ba.

Ya kasance mai naci. Sau uku ya hau babur har Bilbis, yana so ya rubuta abin da na sani, ya sa sunana a ƙasa kamar na malaman jami'a. Sau uku na ce, "Bari a gama girbi." Jama'a, ba girbi ba ne, taurin kai ne. An yanke gero, an yanke dawa, Lukuman yana kabari.

Hajiya Lantana, 'yata, na ji ana cewa kwalaye shida sun cushe ɗaki, a ba masu tsire mujallun su naɗe nama, katunan a hura wuta. Ban zarge ki ba, kina da abin da ke damun ki. Amma don Allah, don Annabi, kar a yi. Shekara tara ce ta mijinki a ciki. Ku ɗora su a motar Tsafe a kawo mani. Gadona na ƙarfe ne, gara ba ta hawa. Su kwana bisa, ni in kwana tabarma, har Allah ya kawo wanda zai ƙarasa. Ko ɗaya ban iya karantawa ba, amma ajiya na iya.

Na gode da kuka saurari tsoho. Allah ya jiƙan Lukuman, ya haskaka makwancinsa, ya raya zuriyarsa. Ni kuma ya yafe mani. Amin.