Ƙotar wuƙar Baba

SAFIYA: Alo? Yaya Asma'u, ina wuni?

ASMA'U: Lafiya lau, Safiya. Ina gajiya? Ya Madarumfa?

SAFIYA: Alhamdu lillahi. Ya Ɗan Issa, ya maigidan, ya yara?

ASMA'U: Duk lafiya. Ya jikin Baba? Hannun nan dai?

SAFIYA: Hannun da ya shanye? Ai ga shi can yana gyaran kifi.

ASMA'U: Wa? Rezo ba kyau, ɗaga murya!

SAFIYA: Na ce Baba na gyaran kifi! Da kanshi!

ASMA'U: Ke, bar wasa da ciwo. Mutumin da ko ludayi ba ya riƙewa?

SAFIYA: Wallahi tallahi! Aikin Yaya Alhassan ne.

ASMA'U: Mushen lakwal ɗin namu, malamin makaranta? Har yau bai bar ƙere-ƙeren nan ba? Wuƙaƙe cike da ɗaki, ko ɗaya ba ya saidawa. Ba Baba ya ce gidan masunta ba a haifi maƙeri ba?

SAFIYA: To ji. Kin san tun da abin ya same shi, masunta su kawo mashi kifi, sai ya juya fuska ga bango. Abinci ma sai da lallashi.

ASMA'U: Ina kwana da abin a raina, Safiya.

SAFIYA: Sai Yaya ya ƙera mashi wuƙa da tsohon ƙarfen mota. Ƙotar ƙahon rago, ya goge ta da man kaɗe, sumul, sai ƙyalli. Baba na kamawa ta suɓuce. Ya sake wata ta icce, ita ma ƙasa. Baba ya ce a fitar mashi da tarkace.

ASMA'U: Ai na faɗa!

SAFIYA: Tsaya mana! Sai ya ɗebo laka bakin tabki, ya cusa ma Baba a tafin hannu, ya ce, "Matsa iya ƙarfinka." Ya shanya ta, ya sami iccen ƙirya ya sassaƙa ƙota daidai sawun yatsun, kowane da gurbinshi.

ASMA'U: Ikon Allah!

SAFIYA: Wannan karon ba gogewa, ba mai. Wuta kawai ya ɗan nuna mata, ya bar ta da kaushinta. Karkatacciya, mummuna, in kin gan ta sai kin yi dariya! Ya sa madaurin fata a wuyan hannu.

ASMA'U: Sai ya riƙe?

SAFIYA: Gam! Ya dube ta, ya dubi Yaya, ya ce a miƙo karfasa. Ya kankare, ya tsaga ciki. Inna ta rangaɗa guɗa, ni sai kuka, Yaya ya shige bayan rumbu wai hayaƙi ya shiga idonshi.

ASMA'U: Allahu akbar! Wayyo Baba! Ba shi wayar, maza, kafin kiredinki ya ƙare!

SAFIYA: Baba! Ga Yaya Asma'u... Baba?

ASMA'U: Mi ya ce?

SAFIYA: Wai ki kira an jima. Aiki yake, hannunshi ba sarari.

ASMA'U: Hannunshi ba... Alo? Safiya? Alo!