Mai Daka a Bayan Katanga

A layin injin niƙa na Babbar Kasuwa, wata dattijuwa da ke goye da yaro ta yi doguwar hamma. Matar da ke bayanta ta dube ta.

"Iya, lafiya? Idanunki sun yi ja."

"Ina fa lafiya, 'yar nan! Jikana Tanimu aka kawo mini yaye. Kwana tara ke nan, da an kwantar da shi sai ihu. Na dama kunu, na karɓo rubutu, duk a banza."

"To, yaya kike yi da shi?"

"Uwarsa mai fura ce, a bayanta ya saba barci tana daka. Dole nake goya shi in yi ta dukan turmi, ba ko ƙwayar gero a ciki. Da na tsaya, sai ya buɗe ido."

"Da dare? Iya, a ina kike?"

"Unguwar Shanu, gidan da ke jikin rijiya."

"Innalillahi! Ashe ke ce! Mu ne baƙin da suka tare a bayan katangarki. Maigidana ya rantse aljana ce ke daka. Kullum sai mun turara ɗaki, yau ma neman wani gida ya fita!"

"Ce masa ya dawo. In ya iya riƙe taɓarya, aljanar na neman mai karɓarta."