Gwaiduwar da Likita Ya Hana

A tashar motar Nasarawa, 'yar Rifkatu ta ƙura wa wata mata mai cin cincin ido.

"Mama, me ya sa ta cinye wurin mutum biyu?"

Rifkatu ta toshe bakin 'yarta. "Yi haƙuri, Madam."

"Ƙyale ta, na kusa ramewa. Likita ya hana ni gwaiduwa saboda hawan jini. Farin ƙwai kawai nake ci."

"Gwaiduwar fa?"

"In zubar, a tsadar nan? Cincin nake yi da ita."

"Wa ke ci?"

"Ni mana, ni kaɗai ce a gida."

"Madam, soya ta da fulawa bai hana ta zama gwaiduwa ba. Ki raba wa yaran maƙwabta cincin ɗin. In kika faɗi a ɗaki, wa zai ɗaga ki?"