Watan da Aka Biya Ni Don In Zauna

Babur ɗina na sayar, da ragon da Inna ta yi shekara tana turkewa, sannan Yaya Habu ya cika min sauran yana ƙunƙuni. Da wannan kuɗin na hau jirgi zuwa Alƙahira. Kai Nura, ajiye wayar nan in kana son ji, tunda kai ne kake damun uwarka da maganar fasfo. Ba karatu ya kai ni ba, kada ku ɗauka ɗalibta na je yi. Ni tela ne tun ina ƙarami. Wani abokina ɗalibi ne ya sa kaftanin da na yi masa, wani Bamisire ya ga aikin wuyan, ya ce a kawo masa wanda ya yi.

Mutumin shi ne Hajji Fatahi, mai wata ƙaramar masana'antar jallabiya da abaya a can bayan Giza. Mu wajen talatin ne a ciki, ni kaɗai ne baƙo. Gaskiya ya yi min halacci, ya yi min takardun aiki na ƙwarai, da iƙama, wato izinin zama, har da inshora irin ta 'yan ƙasa. Sunana ne kawai ya gagare su. Mutanen Alƙahira ba sa faɗin "ja", sai "ga", don haka Ɗanjuma ya koma Danguma, da suka gaji suka datse shi na zama Guma. Shekara huɗu ina amsa Guma. Ɗakina yana Hadayek el-Maadi, inda baƙi irinmu suke iya biyan haya, kullum sai na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa sannan in shiga abin da suke kira maikurobas. Bas ce irin tamu ta haya, sai dai direbanta ya fi namu ƙin jinin birki.

A shekara ta huɗun ne dala ta yi wuya a ƙasar. Yadi da zaren da Hajji yake odarsu daga waje suka maƙale a tashar jiragen ruwa. Muka ɗinke abin da ke sito, muka ɗinke ƙyallaye, daga nan muka koma shan shayi muna kallon juna. Kowa ya san abin da ke tafe. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Ammu Sabri, tsohon da yake mana yanka. Ammu a bakinsu kawu ne. Saura shekara guda ya cika lokacin fansho, in aka rufe wajen kafin nan, wa zai ɗauki mai furfura aiki?

Wata safiya Hajji ya tara mu, ya ce gwamnati ta amince ta tallafa. Za ta riƙa biyan kowa wani kaso na albashinsa har kaya su iso, da sharaɗi biyu: ba za a kori kowa ba, kuma masana'anta za ta tsaya cak, ba a aiki ko na allura ɗaya. Wata mata mai tabarau ta zo daga ofishin ƙwadago, ta ƙirga mu, ta ƙirga kekuna, sannan ta je jikin bango ta leƙa mitar wuta ta rubuta wani abu a takarda. Na gan ta da idona. Amma ku kanku kun san yadda muke a nan. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin wanda ya duba mitar gidanmu ba, masu wuta kintata kawai suke yi su kawo takarda, a yi rigima a biya rabi. Ni a wajena mita adon bango ce.

Da za a watse Hajji ya kira ni gefe ya miƙa min mukulli.

"Ya Guma, kai ba ka da ƙauyen da za ka tafi. Duk mako ka zo ka sa wa kekunan mai kada su yi tsatsa. Mai kawai. Kada ka kunna komai. Tamam?"

Na ce, "Tamam, ya Hajji."

To, ku ji abin haushi. An biya ni don in zauna, kuma a wane wata? Azumi! Kun taɓa ganin tela yana zaune a watan azumi? Tun ina shekara goma sha biyu ban taɓa ganin azumi ba tare da ƙafata a kan keke ba. Satin farko na yi barci. Sati na biyu na wanke duk kayana, har waɗanda ban sa ba. Zuwa tsakiyar wata na fara warware ɗinkin wandona ina sake ɗinkewa da hannu. Misirawa kuwa ko a jikinsu, in na yi ƙorafi sai su ce min "ma'alish". Wannan ma'alish ɗin, da ita ake ba ka haƙuri in an taka ka, da ita ake ba ka haƙuri in gidanka ya ƙone.

Ana haka sai ga kiran Hajiya Binta daga unguwar Zamalek. Mijinta ma'aikacin ofishin jakadancin ƙasarmu ne, kuma a gidanta nake cin tuwo da miyar kuka duk lokacin da kewar gida ta kama ni. Na je, ta shimfiɗa min wata shadda ruwan sararin samaniya a kan kujera, tana ɗaukar ido.

"Ɗanjuma ƙanena, babbar riga za ka yi wa Alhaji ta Sallah, da aiki cikakke."

"Hajiya, ai an rufe mana wajen."

"To wa zan kai wa? Bara Bamisire na ba, ya yanka min shadda kamar buhun gero. So kake Alhaji ya je Idi da kwat?"

Ku faɗa min, ya za ka ce a'a ga matar da kake cin tuwonta? Kuma tela ma ba a san shi da a'a ba, in sha Allahu ce tamu. Na naɗe shaddar na sa a hammata.

Da farko na so in yi abin a gida. Na ari ƙaramin keke wajen wani maƙwabcina ɗan Sudan. Ban yi rabin awa ina takawa ba sai na ji ana dukan ƙasan ɗakina da sanda. Mai gidan ce, Ummu Karim, a hawan ƙasa take. Ta hauro tana haki.

"Ya Guma! Ɗaki na ba ka ko masana'anta?"

"Ya Hajja, riga ɗaya ce."

"Riga ɗaya, kaina yana tsagewa ina azumi? Khalas! In na ƙara jin ƙarar nan, kai da keken za ku kwana a titi."

Wannan matar, rediyonta kaɗai ya isa ya tashi unguwa, amma kekena ne ya dame ta. Ko ba don ita ba ma, ƙaramin keke ba ya surfani. Keken surfani na gaske yana can Giza, kuma mukulli yana aljihuna.

Na ce wa kaina kwana biyu kawai. Na shiga da safe, na sa wa kekuna mai don kada a ce ban cika alkawari ba, sannan na kunna nawa. Wallahi da na ji wannan ƙarar sai da na ji kamar an cire min ƙaya. Sai dai magana ba ta ɓuya tsakanin Hausawan Alƙahira. Kafin kwana uku ɗalibai sun ji Ɗanjuma yana karɓar ɗinki. Wannan ya zo da yadi, wancan ya zo da na abokinsa, kowa da Larabcinsa na littafi yana min addu'a. Na ajiye rigar Alhaji na rage nasu. Ga fanka saboda zafi, ga fitila, ga babban dutsen guga na masana'anta, wanda ashe ya fi komai shan wuta. Kwana tara na yi a haka.

Rana ta goma da hantsi, na gama aikin gefe ɗaya na rigar Alhaji, ina shirin juyawa ɗaya gefen, sai na ji an turo ƙofa. Hajji Fatahi ne, da matar nan mai tabarau, da Ammu Sabri da aka kira a matsayin wakilin ma'aikata. Ziyarar ba-zata ce. Ƙafata tana kan keke, zare a bakina.

Matar ba ta ko kalle ni ba. Ta wuce jikin bango, ta leƙa mita, ta duba takardarta, ta sake leƙawa. Sannan ta juyo ga Hajji cikin sanyin murya.

"Ka sa hannu cewa masana'anta ta tsaya. Mita ta ce tana aiki. In tana aiki, tallafi ya faɗi, na kowa da kowa."

Hajji ya juyo wajena. Ya dube ni, fuskarsa ta yi ja kamar gauta. Ammu Sabri kuwa sai ya nemi kujerar yankansa ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Mutum talatin da iyalansu, a kan rigar Sallah.

Na ce da ɗan Larabcina, "Madam, ba aikin masana'anta ba ne. Dubi rigar. Akwai Bamisiren da zai sa wannan?"

Ta ɗaga hannun rigar, ta ga faɗinsa ya kai zanin gado. Ta ce, "Na yarda ba kayansu ba ne. Amma ni takarda nake komawa da ita. Ko dai in rubuta masana'anta ta saɓa sharaɗi, ko in rubuta wani ma'aikaci ya shiga ya yi aikin kansa ba da sanin mai waje ba. In na biyu ne, wannan kora ce ta laifi, ba ta taɓa tallafin sauran. Kai za ka rubuta da hannunka."

Na san abin da kora take nufi. Iƙamata a jikin aikin take, in babu shi babu ita. Na dubi Hajji ko zai ce wani abu, ya kawar da kai. Ban ga laifinsa ba. Na ce a ba ni biro. Rubutun Larabcina na allo ne, sai da Ammu Sabri ya taso yana faɗa min kalma ɗaya bayan ɗaya, ina rubuta korar kaina. Da na sa hannu ya dafa kafaɗata ya ce, "Ma'alish, ya Guma." Ranar ce kaɗai kalmar nan ba ta ba ni haushi ba.

Matar ta ɗaure kekena da igiya ta liƙa jan danƙo na hukuma, rigar Alhaji tana ƙarƙashin allura, ta ce hujja ce, ba mai taɓawa. Alhaji da kwat ya je Idi. Hajiya Binta ba ta yi min faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Ai da ka faɗa min." Na faɗa mata fa! Amma dai ba ita ta kunna dutsen guga ba.

Bayan Sallah da 'yan makonni na dawo gida da jaka ɗaya da almakashina. Wata biyar da dawowata Ammu Sabri ya kira ni ta bidiyo. Yadi ya iso, an buɗe masana'anta, kowa ya koma bakin aikinsa, Ammu ya bi da wayar yana nuna min su ɗaya bayan ɗaya suna ihun Guma, Guma. Sai ya tsaya a wajen kekena. An cire danƙon, wani saurayi yana zaune a kujerata, ya ɗaga rigar nan mai aiki gefe ɗaya yana jujjuyawa.

Ammu Sabri ya ce, "Hajji ya ce a tambaye ka, ɗaya gefen ta ina ake farawa?"

Na ce ya matso da wayar kusa da allura, na fara nuna wa yaron.